Tsohuwa Mai Saƙa

St Mary Mead ɗan ƙauye ne a Ingila, amma na cikin littafi. Coci, 'yan shaguna, lambuna tsaf-tsaf. Sai dai gawa ba ta yankewa. Tun 1930, da marubuciya Agatha Christie ta sa aka harbe Kanar Protheroe a gidan limamin coci, mutanen garin da ido ɗaya suke barci.

'Yan sanda su zo, su yi ta kai da kawo. Sufeto Slack har gumi yake. Ita kuwa tsohuwa Miss Marple tana zaune tana saƙa, ga madubin hangen nesa a gefe, wai na kallon tsuntsaye ne. Can sai ta tuna wani ɗan aike da ya taɓa yi mata ƙarya. Shi ke nan, asirin mai kisa ya tonu.

Abin da ya ɗaure min kai, a 1964 aka kai ta Karibiyan ta huta. Kwana kaɗan, Manjo Palgrave ya sheƙa lahira. A 1965 ta sauka wani otal a Landan, nan ma aka yi rashi. Littafi 12, ba wanda ya ce a binciki jakar saƙar nan.

Mai karatu, in ta gayyace ka shan shayi, ka ce kana azumi.