Yadda Ake Zama Kawu, Bisa Tsarin Garken Old Maiduguri

Duk namijin da 'yar'uwarsa ta haihu ya samu sunan kawu a ɓagas, bai zubar da gumi ba, bai cike takarda ba. Riƙe muƙamin shi ne aiki. Ga mai son ya riƙe shi da hannu biyu, zan shimfiɗa tsarin da na gani a wurin yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, Babarbaren da ya yi kiwon shanu a bayan unguwar Old Maiduguri, ta ɓangaren fadamar Jere, tun gidaje ba su cinye burtali ba.

Ka fara da aika wa 'yar'uwarka saƙo tun kafin a rufe makaranta cewa kana jiran yara. Kada ka tambaye ta ko za ta iya turo su. Sanar da ita za ka yi. Za ta kawo maka zancen sauro, da rana, da darasin hutu. Ka saurare ta da kyau har ta gama, ka yi mata addu'a, sannan ka tambaye ta motar ƙarfe nawa za su hau.

Idan sun iso, kafin su ajiye jaka, ka sanar da su ƙasar da suke takawa. Kawu yakan tsaya ya gyara zaman hularsa, ya nuna wajen fadar Shehu da sandarsa, ya shaida mana cewa mutanen Yerwa baƙi ne, jiya-jiya suka zo. Yana da hujja kuwa, domin sai a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa, bayan Kukawa ta daina zama babban birnin Borno, alhali tsohon ƙauyen Maiduguri yana nan zaune tun kafin haka. Yaron da aka faɗa wa wannan, har tafiyarsa sai ta canja.

Daga nan sai maganar tashi. Da asuba za ka tashe su, kuma kada ka sassauta don wani ya ce kansa na ciwo. Ciwon kan asuba ƙwaryar madara mai ɗumi ce maganinsa. Bayan salla a wuce garke. Ka nuna musu maruƙa jere a dangwali, kowanne da madaukinsa, suna kuka, iyayensu na amsawa. Ka koya musu cewa ba a far wa saniya da tatsa haka kawai. Sai an saki ɗanta ya fara tsotsa, nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ita, a dabaibaye mata ƙafafun baya, a durƙusa da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Kuma ba a tatse ta ƙarƙaf, domin maraƙi ma da haƙƙinsa. Kowane garke yana da saniya guda mai mulki. Tamu Hajiya ake ce mata, ba ta yarda da hannun kowa sai na Kawu, kuma idan baƙo ya matso sai ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ka gabatar da yara gare ta cikin ladabi, daga nesa.

Yanzu ga ginshiƙin aikin, wanda in ka bar shi ka bar komai. Ka kama hannun yaro, ka kai shi gaban wata 'yar maraƙa, ka ce masa a gaban shaidu: "Wannan taka ce." Al'ada ce tsohuwa a wurin makiyaya, Fulani da Larabawan Shuwa duk suna yi wa 'ya'yansu, Kawu kuma ya faɗaɗa ta har kan 'ya'yan ƙannensa mata. Daga wannan rana ka huta da tashin yaron, shi zai riƙa tashinka. Zai cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, zai ɗebo mata harawa da dusa fiye da rabonta, zai yi rigima da taubasansa a kan wadda ta fi kyan ƙaho. Idan ya koma gida, duk wanda ya zo daga Maiduguri sai ya tare shi da tambayar lafiyar karsanarsa kafin ta mutanen gida. Kada ka ji haushin hakan, alamar aikinka ya ci ne. Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai nauyi: kyautar ta zama ta gaske. Kawu bai taɓa sayar da dabbar yaro a ɓoye ba. Idan ta haihu sai ya aika a faɗa. Idan kuɗin makaranta ya taso sai ya kira mai ita, ko da shekararsa goma, ya zaunar da shi a kan tabarma, ya nemi izininsa a sayar da ɗan bijimin, ya kuma ƙirga masa kuɗin a gabansa. A wannan tabarmar da yawanmu muka fara sanin cewa maganarmu tana da daraja.

Ka kuma zama mai yawan jarrabawa. A hanyar kai shanu shan ruwa a kogin Ngadda, ka riƙa nuna dabba kana tambaya. Fara mai baƙin kunne Bunaji ce. Ja mai dogayen ƙahoni Rahaji ce. Mai duhun ja da gajeren ƙaho, wadda Shuwa suka fi kiwo, Wadara ce. Wanda ya ci, ka ba shi labarin Kuri, saniyar Tafkin Chadi marar tozo, mai ƙahoni kumburarru, wadda take iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Yara ba za su yarda ba, za su ce wasa kake yi. Ka bar su da mamakinsu har ranar da za su gan ta da idonsu. Itatuwa ma su shiga jarrabawar: aduwa, kurna, magarya, da gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi lokacin da ƙasa ta bushe.

Ranar kasuwa ka ɗauki ɗaya ko biyu zuwa kasuwar shanu ta Gamboru. Ka nuna musu yadda ake buɗe bakin sa a karanta shekarunsa a haƙora, da yadda dillali yake rantsuwa da fara'a yana jiran la'adarsa. Idan ka haɗu da abokinka Bafillace, dole ku tsaya ku yi musun waye bawan wani, kamar yadda Barebari da Fulani suka gada, yara suna kallo baki buɗe, har sai kun ɓarke da dariya kun tafa. A hanyar dawowa ka faɗa musu cewa jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, kuma shanun Borno sun hau shi zuwa kudu tun mutane da yawa ba su taɓa ganin cikinsa ba. Ka saya musu tsire. Wannan ba ya cikin abubuwan da ake tattaunawa.

Wata rana shanu za su shiga gonar wani, domin yaron da aka bar wa tsaro ya hau magarya. A nan ake gane kawu. Namu bai ɗaga sanda ba. Ya sa yaron a gaba har ƙofar mai gonar, ya yi sallama, ya ba da haƙuri da bakinsa, aka kimanta ɓarna ya biya, yaron yana tsaye yana ji. A hanyar komawa bai ce masa uffan ba, sai da suka kusa gida ya tambaye shi ko magaryar ta nuna. Wannan yaro bai sake barin dabba ta taɓa shukar mutum ba, kuma yau da furfura a gemunsa.

Da dare ka sa a hura wuta a gefen garke, hayaƙi ya kori sauro daga jikin dabbobi, ka ɗora butar shayi. Labari kala biyu ake so. Akwai na zama, irin na Rabeh da ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Akwai kuma na gaskiyar rayuwa, kada ka ɓoye musu shi. Kawu yakan sassauta murya idan ya zo kan annobar bushiya ta 1983, wadda ta kwantar da garake a faɗin Arewa, mutum ya kwana da dukiya ya tashi da igiyoyi. Saboda ita bai taɓa wasa da allurar rigakafi ba; in malaman dabbobi sun zo, shi ne kan gaba a layi. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya, kuma na so a ce kowane makiyayi ya ji wannan labari da kunnensa.

Ranar komawa ka mayar da su gida sun yi baƙi, sun yi ƙiba, rigunansu suna ƙanshin hayaƙi. Ka haɗa su da kwalbar man shanu don uwarsu, ita ce za ta rufe bakin ƙorafi.

Garken nan babu shi yanzu. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya hana kiwo a dajin da muka sani, satar shanu ta yi yawa, aka janyo dabbobi cikin gari aka riƙa sayarwa a hankali, filin kuma gidaje suka hau kansa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta ƙara tafiya da dabbobin mutane da dama. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kada wannan ya zama maka uzuri. In babu saniya akwai akuya, in babu akuya akwai kaza, mai gidan haya ma yana iya ajiye tantabaru biyu. Hutu yana tafe. Ka ɗauki waya yau ka kira 'yar'uwarka, ka sanar da ita kana jiran yara, kuma kafin su iso ka zaɓi dabbar da za ka damƙa wa kowannensu.