Mawaƙin da Kwamfuta Ba ta Sani Ba

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a shekarar 1982, yana ɗaukar sauti na kimanin minti 80, kuma manhaja irin su Windows Media Player tana iya kunna shi ko ta kwafe shi, wato ta ɗebo waƙoƙin ta matse su zuwa tsarin MP3 ta adana a cikin kwamfuta, ba tare da faifan ya ragu da komai ba. Sai dai galibin faya-fayan ba sa ɗauke da sunan waƙa ko na mawaƙi, don haka manhajar takan auna tsawon waƙoƙin ta tambayi wani rumbun bayanai a intanet. Idan faifan daga Amurka ya fito, nan take ta jero sunaye har da hoton bango. Idan kuwa na Alhaji Mamman Shata ne da aka saya a kasuwar Kano, mutumin da ko yaron goye ya san muryarsa a ƙasar Hausa, sai ta rubuta cikin natsuwa cewa mawaƙin ba sananne ba ne, ta raɗa wa waƙarsa ta Bakandamiya suna Waƙa ta Ɗaya. Gyaran wannan rashin kunya da hannu ake yin sa, waƙa bayan waƙa.