Fili mai wurin turke

Dillalin fili a bayan garin Agadas ba ya rasa abin yabo. Ka ce masa babu famfo, babu wuta, sai ya ce, "Haba Alhaji, ga wurin turke! Doki goma ma sai ka ɗaure." Da gaskiyarsa kuwa. Daga ƙofar gidanka har Bilma babu maƙwabcin da zai kawo ƙarar haniniya.

Cikin dokin ne ba ya ambata. Raƙumi kan yi kwanaki bai ga ruwa ba, ingarma kuwa da bazara sai ya shanye bido biyu kullum yana hararar na uku. Ga harawa da dusa, jika na bin jika. Mai kurar ruwa zai riƙe sunan dokinka kafin na ƴaƴanka. Duk don ranar Sallah ka bi bayan Sarkin Abzin, ƙura ta rufe ka, ko surukinka bai gane ka ba.

Kafin ka biya, tambayi dillali ta ina ƙoramar Telwa ke bi idan ta cika. A Satumbar 2009 ta kawo wa unguwanni ruwa har ɗaka, babu wanda ya aika a kira ta.