Keken da Ba Ya Shan Mai

Mu mutanen Kongolam mun riga sauran 'yan Najeriya ɗanɗana wahalar fetur. Tun watan Nuwamban 2019, da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, muka koma sayensa a kwalba wajen 'yan bumburutu. Shi ya sa ranar 29 ga Mayun 2023, da sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, ba mu yi salati da ƙarfi ba, mun ɗauka mun saba. Ashe da sauranmu. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke bayan gari, kuma ɗan kabu-kabu ke kai ni ya ɗauko ni. Da na zauna da biro na yi lissafi, sai na tarar ni ke shan ƙurar alli, shi ke karɓar albashi.

Ɗiyar gwaggona da ke aure a Damagaram ce ta zuga ni. Can mace kan hau babur da hijabinta ta tafi aiki, ba mai ɗaga kai ya dube ta. Ga Ɗan Barto nan kusa da mu a tsallaken iyaka, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma a wannan gefen wurin mace a kan babur baya ne. Da na kawo wa maigida maganar sayen keke mai batir, ya ce, "Malama, me mutane za su ce?" Ban yi musu ba, na miƙa masa takardar lissafin. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "To ai ba babur ba ne. Keke ne, ko?" Na ce keke ne mana, har da feda.

Da kwasar adashi ta zo kaina, ƙanina ya raka ni Kano. A nan na gane cewa mai shago da mace ba abu ɗaya suke dubawa ba. Shi yana nuna mini fitila mai launi da wurin jona waya, ni ina duba ko akwai sanda tsakanin sirdi da kan keken, domin mai zane ba ta ɗaga ƙafa ta tsallake sanda a tsakiyar kasuwa. Na zaɓi wanda gabansa a buɗe yake, gajere, wanda in na zauna tafin ƙafafuna biyu ke taɓa ƙasa, mai murfi a gefen tayar baya don kada ta cafke hijabi. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, duk wadda ta taɓa hawa bayan babur ta san yadda taya ke shaƙe mace. Sai maganar batir. Akwai na litiyom, marar nauyi, ana zare shi a shiga da shi ɗaki, kuma ya fi daɗewa. Akwai na dalma, dangin na mota, guda huɗu masu bolt 12 a jere ƙarƙashin sirdi, su ba da 48. Da ya faɗi kuɗin na farko, sai na ji na dalma ya kwanta mini a rai. Ya ce, "Hajiya, caji ɗaya kilomita 60." A kan wace hanya, da nauyin wa, bai faɗa ba.

Koyon tuƙi a filin bayan gida na fara, bayan la'asar, yaran unguwa duk sun hallara ba tare da gayyata ba. Na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa, shiru. Babur in ya tashi yakan yi gurnani, ya ba mutum damar yin bisimilla. Wannan ba ya sallama. Ina cewa ƙanina "ai bai tashi ba," hannuna ya ɗan juya totur, sai ga ni cikin dangar maƙwabta, ni da keke da kara a ka, matar gidan tana riƙe da muciya tana tambayar ko lafiya.

Daga cikin dangar ne kuma muka gano yana magana. Ƙanina ya danna maɓallin komawa baya, sai muryar mace ta fito, siririya, tana maimaita wani abu da Sinanci. Inna, surukata, ta ja da baya ta ce, "Ɗiyata, wace ce a ciki?" Na yi bayanin na'ura iya iyawata. Ta gyaɗa kai irin na wadda ba ta son jayayya da yara, da magariba kuma na ga hayaƙin turare na tashi a zaure inda na ajiye shi. Cikin dare akuya ta goga jikinta da shi, ƙararrawar ɓarayi ta ɓarke, maigida ya fito da taɓarya, maƙwabta da tocila. Tun daga ranar Inna ba ta kiransa keke, sai dai ta ce "baƙuwarki."

Abin da ba a gaya mini a Kano ba shi ne baƙuwar ba ta shan mai, amma tana cin abin da ya fi mai wuyar gani. Batirin na son awa shida zuwa takwas a jone. Wutarmu kuwa takan leƙo tsakar dare, ta yi awa biyu ta koma inda ta fito. Na kafa doka a gida: duk wanda ya ga ƙwan zaure ya kama, ya yi ihu. Da hakan ta gaza, na tura keken shagon mai cajin waya, wanda ke da sola a kan rufi. Ya zagaya shi, ya karanta jikin caja, ya ce, "Malama, wannan ai waya sittin ce." Na yi ta ciniki, amma da na koma gida na auna ƙarfin batirin da na waya, na ga bawan Allah bai zalunce ni ba. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, janareto ya tayar. Na tsaya ina kallon yaronsa yana tuttula kwalbar fetur a ciki don a cika keken da na saya saboda gudun fetur.

Duk da haka, kwanakin farko na more. Da sanyin safiya, a kan kwalta, iska na kaɗa hijabi, ba ƙara, ba hayaƙi, ba jiran kowa. 'Yan majalisar bakin titi sukan yi shiru in na taho, su ci gaba in na wuce. Wani dattijo ma ya tsayar da ni ya tambayi kuɗinsa, wai don ɗiyarsa mai zuwa makarantar koyon jinya. A wani shinge jami'i ya sa na tsaya, ya ƙwanƙwasa ƙarƙashin sirdi, ya sunsuna, yana neman tankin da na ɓoye mai zan tsallaka da shi. Da na buɗe masa batura huɗu, ya kira abokan aikinsa su zo su gani.

Sai wata Lahadi cikin bazara na ce bari in je kasuwar Mai'adua in auno gero da kaina. Fitilun caji sun nuna a cike. Wannan ma'auni maƙaryaci ne: in keke na tsaye yakan nuna ƙoshi, sai an ɗora masa kaya yake faɗin gaskiya. Na ɗaure rabin buhu a baya, na ga titi ya cushe da motocin shanu, na ce bari in yanke ta burtali. Rairayi ya karɓe mu. Tayar baya, inda injin yake, ta dinga haƙa tana nishi, fitilun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Garken shanu ya tare hanya, kuma tun da ba su ji ƙarar komai ba, ba su ga dalilin matsawa ba. Na danna oda, wani bijimi ya waiwayo ya dube ni, na sauka na ba shi girmansa. Wajen kaucewa na bi ta ƙarƙashin aduwa, ƙaya ta yi aikinta.

Mai facin da na samu a bakin ƙauye ya durƙusa, ya ga waya ta shige cikin gindin taya, ya miƙe. "Malama, in ya ja ni fa?" Na zare makulli na ba shi ya riƙe a aljihu, sannan ya yarda ya zaro tub ta gefe ba tare da ya kwance tayar ba. Ya gama, na hau, muka yi 'yar tafiya, fitila ta ƙarshe ta lumshe. Na tuna da feda. Fedar nan ta ado ce, an sa ta ne don a ci gaba da kiransa keke. Taka ta da batiran dalma huɗu da rabin buhun gero kamar tura rumbu ne.

Mai amalanke ne ya tausaya mini. Muka ɗora keke da gero, na zauna a gefe na ja hijabi na rufe rabin fuska, ina fatan mu shiga gari ba wanda ya lura. Na manta da ƙararrawa. Ita batir bai mutu a wurinta ba. Duk ramin da amalanke ta faɗa sai ta ƙwala ihu, yara suka biyo mu, majalisa ta miƙe tsaye. Daidai nan tsohon ɗan kabu-kabuna ya rage gudu, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malama, ko a kawo kwalba ɗaya?"

Yanzu mun fahimci juna da baƙuwar. Ba na barin batir ya ƙare ƙaf, don na dalma in ya saba kwana da yunwa ba ya daɗewa. Ba na jona shi da zafinsa, sai ya huce a inuwa, kuma rana ba ta ganinsa a ajiye, tun da na ga yadda batirin wani ya kumbura a shagon caji. Taya kullum da iska, burtali na bar wa masu shi, jelar hijabi kuwa zama nake yi a kanta. Adashi mai zuwa na faifan sola ne, an riga an gama magana.

Inna ma ta sauko. Akwai bikin jikar ƙawarta a Daura ranar Juma'a, ta ce ba ta ga dalilin biyan kuɗin mota ba alhali ga baƙuwa a zaure. Tun Talata nake tara caji. Na gaya mata batirin zai kai mutum biyu, amma ban da ƙullin tukwanen da take son kaiwa gudummawa. Ta ce to in koya mata tuƙin, ni in biyo su a mota.