Ire-iren Masu Sayen Fulogi a Unguwar Kanawa

Fulogi shi ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur a cikin inji. Tsohuwar mota irin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975, guda huɗu take ɗauka, kuma lambar da ke jikin kowanne ita ke nuna tsawonsa da irin zafin da yake jurewa. Masu zuwa da matsalarsa wajen kanikawan Unguwar Kanawa sun kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne mai wanki. A wurinsa fulogi ba ya mutuwa, sai dai ya yi datti. A kwance, a jiƙa da fetur, a goge da sanfefa, in ta kama a babbaka shi a wuta kamar kan rago, a mayar. Kullum da asuba yaran layinsu ne ke tura masa mota har bakin titin Ali Akilu, shi kuwa batir yake zargi.

Sai mai sayen ɗai-ɗai. In an buɗe bonet ɗinsa za a tarar da NGK da Bosch da Denso da wani marar suna, an haɗa su zaman kishi. Motar tana tafiya tana tari.

Akwai mai neman mafi tsada, wanda ya ji a Facebook cewa na iridiyam yana daɗewa. Gaskiya ne yana daɗewa, amma injin da ringinsa ya cinye, baƙin mai yana hawa, rana nawa ne zai shaƙe shi ya yi baƙi ƙirin. Wannan ɗinka wa jaki babbar riga ce.

Mafi haɗari shi ne mai cewa "Ai fulogi fulogi ne, Oga, ɗaura kawai." Fulogin da ya fi ƙa'ida tsawo yana iya taɓa fistin, daga nan magana ta koma sauke inji da zarya zuwa Panteka.

Na ƙarshe ba ya yawan magana. Tsohon fulogin yake naɗowa a takarda, ya gwada lamba da lamba, ya duba ko jabu ne, ya sayi huɗu iri ɗaya. Kanikawa da yawa ko sunansa ba su sani ba, don ba kasafai yake dawowa ba.