Bakano, ga lissafin da kalkuletarka ba ta iya ba

Bawana na Kantin Kwari, labari ya iso Zazzau cewa ka tayar da hankalin gida don yaronka ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, ya dawo da littafi cike da dy/dx. Wai har ka ce malamai sun rasa aikin yi ne suka cusa haruffa cikin lissafi, kana tambaya nawa ake sayar da yadin x. To gyara zama, ubangidanka zai yi maka karatu kyauta, don na san in da biya ne ba za ka tsaya ba.

Sunan abin kalkulas. Aikinsa auna yadda abu ke sauyawa idan an ɗan motsa wani abin da ya dogara da shi. Newton na Ingila da Leibniz na Jamus kowa ya gano shi a nasa ɓangaren, suka yi ta rigima kan wa ya riga wani. Leibniz ne ya fara bugawa a 1684, kuma dy/dx ɗin da ke ba ka ciwon kai nasa ne.

Yanzu bari in zo inda kunnenka zai buɗe, wato riba. A ce kana saro hula ₦2,000, kana sayarwa ₦3,000, mutum 100 na saye a mako. Duk ƙarin ₦100 da ka yi, mutum 5 su gudu. Da yake na san halinka, sai ka yi ta ƙari har layin ya watse. Yaron da kake yi wa faɗa kuwa zai kira yawan ƙarin x, ya rubuta ribar: 100,000 + 5,000x − 500x². Sai ya sauko da ƙaramar lambar da ke saman x ya ninka, ya rage mata ɗaya, ya sami 5,000 − 1,000x. Inda wannan ya zama sifili nan riba ta ƙure, wato x = 5, ƙarin ₦100 sau biyar ke nan. Ka sayar ₦3,500, mutum 75 su saya, ka tashi da ₦112,500. In kwaɗayi ya kai ka ₦4,000, ka dawo ₦100,000 ɗinka ta farko, ga rabin kwastomominka sun koma shagon maƙwabci.

Da wannan dabarar ake fitar da gudun mota daga tazarar da ta ci, kuma irin tambayoyin nan na fitowa a WAEC da NECO da JAMB. Ba a cin su da ciniki, Alhaji, babu albarka babu ragi.

Saboda haka ka daina janye yaron nan zuwa shago da yamma, ka bar shi ya zauna kan tsofaffin tambayoyin jarrabawa. In ya ci, ka turo mana shi ABU mu ƙarasa wanke masa kai. Ladan karatun yau kuma gurasa ce da tsire, ka aiko tun da zafinsu.