Sabuwar Farfelar Kawu

Duk wanda ya san karkarar Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun ta jihar Jigawa, ya san kwalta tana da iyaka. Da zarar mota ta sauka daga titi ta nufi ƙauyuka, da rani rairayi ne ke riƙe taya, da damina kuma taɓon fadama. Shi ya sa masu bin ridi da zoɓo ƙauye-ƙauye, su kai kasuwannin Gujungu da Shuwarin da Maigatari, ba su da abar ƙauna irin tsohuwar Hilux mai fowil. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, ya fito da mai jan ƙafa huɗu a 1979, kuma a 1987 irin waɗannan motoci sojojin Chadi suka hau suka fatattaki tankokin Libiya a hamada, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Kawuna ya haddace wannan tarihi. In yana ba da shi a majalisa, baƙo sai ya rantse da shi aka yi yaƙin.

Tasa Hilux ɗin ta girmi 'yarsa da aka aurar bara. Da kaka ya sa aka ƙara mata sifirin don ta riƙa ɗaukar buhunan da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba. Mota ta ɗaga, Kawu ma ya ɗaga. Ba a jima ba wata ƙara ta ɓullo daga ƙarƙashin kujerarsa, ƙwas-ƙwas in zai tashi, sannan karkarwa in ya ɗan taka.

Ga yadda abin yake a ƙarƙashin irin wannan mota. Ƙarfin inji yana bi ta giya ya shiga wani ƙaramin akwati da direbobi ke kira ogzilari, shi kuma ya raba shi biyu: doguwar farfela ta kai wa aksil na baya, gajeriya ta kai wa na gaba. A bakin kowace farfela akwai kuros, ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da ke juyi a cikin kofuna masu siraran allurai, wanda ke ba farfela damar juyawa ko da a karkace take. Wani Ba'amurke, Clarence Spicer, shi ya yi rajistar irinsa na mota a 1903. A tsakiyar farfelar kuma akwai haƙora masu zamewa, don ta miƙe ko ta tsuke in mota ta faɗa rami. To, in aka ɗaga mota, karkatar tana ƙaruwa, kuros ya riƙa shan wuya. In kuma ya daɗe bai ga giris ba, sai ya fara kuka.

Bakanikensa ya shiga ƙarƙashi, ya kama farfelar gaba ya girgiza, ya fito yana goge hannu.

"Alhaji, kuros ne kawai ya ci. A sa sabo, a ɗura giris, shi ke nan."

"Kai dai ba ka son ci gaba," in ji Kawu. "Motar da ta kori tankar yaƙi za ka yi wa faci?"

Dama tuni wani abokinsa ya nuna masa bidiyo a waya, inda Turawa ke hawan duwatsu da motoci masu farfela ta musamman. Washegari da asuba sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda kayan mota ke da aji-aji: akwai sabo na kamfanin da ya ƙera motar, akwai ɗan Baljiyam da aka kwance daga wata motar a ƙetare, akwai kuma sabo na wasu kamfanonin da ke ƙera wa motocin da ba nasu ba. A wannan aji na uku Kawu ya ga abin da ya tafi da hankalinsa: farfela baƙa wuluk, bututunta ya fi na asali kauri, haƙoran zamewarta sun fi tsawo don motar da aka ɗaga, ga kuros biyu a haɗe a ɓangaren ogzilari, ga ƙofofin ɗura giris suna ƙyalli. Mai shago ya ce, "Alhaji, wannan sai dai jikoki su gada." Kawu bai ko taya sosai ba. Kuɗin da ya ajiye na ragon layya suka tafi, ya dawo da ita a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel.

A gaskiya kaya ne mai kyau, kuma bakaniken ya yi aikinsa tsaf. Ya daidaita kunnuwan farfelar suka kalli juna yadda ya kamata, domin in aka saɓa haƙori ɗaya mota sai ta riƙa rawar ɗari. Ya ɗaure notuna, ya ɗura giris har ya tsatso. Daga nan ya zagaya ga ƙafafun gaba, ya tsuguna, ya murɗa wani ɗan maɓalli a tsakiyar kowace taya.

"Alhaji, na buɗe maka hob. Tun da ka sayi motar nan a kulle suke, shi ya sa farfela ke ta juyi a banza har kuros ya ci. In za ka shiga taɓo, ka fara sauka ka mayar da su."

Kawu yana waya a lokacin, yana shaida wa wani a Dutse kaurin bututu. Ya ɗaga wa bakanike hannu, ya ce, "Na ji, na ji."

Cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, ya lodo buhunan taki zai kai gonarsa ta fadama, ni kuma aka ɗauke ni don sauke kaya. Akwai hanyar tudu da kowa ke bi. Kawu ya ce ta masu ƙaramar mota ce. Ya tsaya a bakin wani kwari da ya cika da taɓo, ya jira manoman da ke gefe suka ɗago kai, ya ja ƙaramin sandan giya daga H2 ya wuce H4 ya kai L4, ya yi bisimilla, ya taka.

Mota ta shiga har tsakiya, ta zauna.

Ƙafafun baya suka riƙa feshin taɓo har kan masu kallo, na gaba ko motsi. Kawu ya ƙara wuta, baya ya ƙara nutsewa. Ya ce in leƙa ƙasa in gaya masa ko farfela na aiki. Na kwanta a taɓo na leƙa, ga ta nan tana juyi kamar mazari, babu ƙara, babu karkarwa.

"Tana yi, Kawu!"

"To me ya hana mu tafiya?"

Nan fa shawara ta yi yawa. Wani ya ce a rage iskar taya, aka rage. Wani ya ce a cusa kara da ganye, aka cusa, taɓo ya haɗiye. Wani dattijo ya ce kwarin nan dama ba a shigarsa da girman kai. Hadari ya sake haɗowa daga gabas, taki kuwa ba ya shiri da ruwa, dole aka ɗauki samari suka kwashe buhuna a ka zuwa tudu. Aka kira mai amalanke ya kwance bijimansa biyu aka ɗaura wa motar igiya. Shanun suka ja, igiya ta tsinke, Kawu da ke ba da umarni a gefe ya zame ya zauna daɓas, hularsa ta tafi da ruwa.

Sai wajen la'asar yaron bakaniken ya iso a kan acaɓa, ɗan shekara goma sha wani abu, ko sifana bai riƙo ba. Ya gaida Kawu, ya naɗe wando, ya wanke tsakiyar tayar dama da tafin hannu, ya murɗa maɓallin daga FREE zuwa LOCK. Ya zagaya hagu ya yi haka. Ashe in hob na buɗe, ƙarfin yana zuwa har cikin aksil ya tsaya a nan, tayar ba ta san ana yi ba. An yi shi ne don a kan kwalta kayan gaba su huta, mai ma ya ɗan yi auki.

"Baba, taka a hankali."

Kawu ya taka. Ƙafafun gaba suka cafki ƙasa, mota ta yi gurnani ta fito sumul, har da ragowar igiya tana ja. Ya sauko, taɓo tun daga ƙeya har dunduniya, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani ko? Da tsohuwar farfela ce, wallahi a nan za mu kwana!"

Ya sallami samari, ya sallami mai shanu har da kuɗin igiya, ya biya ɗan acaɓa zuwa da komawa. Tsohuwar farfelar kuwa, da ya bar wa bakanike kyauta, an sa mata sabon kuros an ɗaura a motar wani mai sayen zoɓo, kuma ita ce ta kwaso takin daga tudu washegari, don Kawu ya kwana da zazzaɓi.